Ku Tambayi Malam: Me Ya Sa Maganar Masana Ba Ta Zama a Kunnen Jama'a?

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi. Masu ilimin kimiyya suna kukan jama'a ba sa jin magana, jama'a kuma suna kukan masana ba sa tsayawa a kan magana ɗaya. Na zaɓi biyar daga ciki, na ɗan taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Duk ranar awo nakan tsaya gaban mata in yi musu bayanin gudawar yara da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Suna gyaɗa kai, in na ce "kun gane?" su ce "mun gane." Bayan sati biyu sai ga wata ta kawo yaro ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, ba ta ba shi komai ba. Gaskiya na fara karaya. Laifina ne ko nasu?
Daga wata ma'aikaciyar jinya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki karaya. Abin da ya dame ki ya taɓa damun waɗanda suka fi mu kayan aiki, kuma yadda suka ɓullo wa lamarin abu ne da za ki iya gwadawa tun daga awo mai zuwa.

Shi wannan ruwa da kike koyarwa yana da tarihi. Tun a shekarun 1960 masana suka gano cewa sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jiki, kuma wannan hanya ba ta toshewa ko da kwalara ce ta kama mutum. A 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya, ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya kuma ya ƙare. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa yin haɗin a manyan durorin ruwa, 'yan'uwan majinyata suna ɗiba da kofi suna shayar da nasu. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta ce mai yiwuwa wannan ne ci gaba mafi girma da fannin magani ya samu a ƙarnin. Duk da haka yara suka ci gaba da mutuwa a ƙauyuka, domin ilimin yana kwance cikin mujalla, ita kuwa uwar da ɗanta ke zawo da tsakar dare ba ta san da zamansa ba.

A 1980 wata ƙungiya ta Bangaladash mai suna BRAC ta ɗauki aikin kai shi gida-gida. Cikin shekara goma ma'aikatanta mata suka shiga gidaje kimanin miliyan 12. Ki dubi yadda suke yi. Ma'aikaciya za ta zauna da uwa, ta ce a ɗauko mata kwanon da ake amfani da shi a gidan. Ta auna ruwa rabin lita ta zuba, ta karce jikin kwanon daidai inda ruwan ya tsaya, don kada gobe a rasa ma'auni. Gishiri abin da yatsu uku suka ɗauko, mazarƙwaila kuma cikin hannu ɗaya. Sai ta ce wa uwar, to ke ma haɗa in gani. Saƙon gaba ɗaya an tace shi ya koma magana bakwai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake biyan ma'aikatan. Bayan kamar wata ɗaya mai sa ido zai koma wasu daga cikin gidajen, ya tambayi uwa abin da ta riƙe, ya sa ta haɗa ruwan, a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji a auna gishirin. Abin da iyayen suka iya, shi ke nuna kuɗin da ma'aikaciya za ta karɓa. Nan da nan matan suka gane doguwar lacca ba ta biya, suka koma yawan tambaya da sa uwa ta yi da hannunta. Daga baya kuma aka lura mata da yawa sun iya haɗin amma ba sa ba yara. Da aka bi diddigi, ashe mutanen ƙauyukan sun kasa zawo gida huɗu, kuma sun ɗauka ruwan na mai tsananin ne kaɗai. Ba yadda za a yi wanda ke zaune a ofis ya san wannan. An kuma gane cewa in ba a yi magana da mazan gida ba, uwa ba ta cika samun ƙarfin gwiwar gwada sabon abu a kan yaro ba.

To Malama, ki ajiye tambayar nan ta "kun gane?" Babu macen da za ta ɗaga hannu gaban 'yan'uwanta mata ta ce ita ce ba ta gane ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ki dubi mutum ɗaya ki ce, "Hajiya, in kin koma gida kakar yaron ta tambaye ki me aka ce yau, me za ki gaya mata?" Amsar da ta ba ki, ita ce abin da kika koyar ranar. Ki miƙa wa wata fakiti da gorar ruwa ta haɗa a gaban kowa. In ta kuskure ki gyara cikin raha, sauran ma sun ƙaru.

Ki kuma rage kaya. A fara ba da ruwan da zarar zawo ya soma, kada a dakatar da nono ko abinci, in kuwa yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko aka ga jini a bayan gidansa, a garzayo asibiti. Maganar ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ki yi ta lokacin da kike miƙa ta a hannu. Sauran bayani ya jira wani awon. Ita kuma wadda ta kawo yaro a makare, kafin ki yi faɗa ki tambaye ta me ta ɗauka yana damunsa. Sau da yawa za ki ji ta ce haƙori ne yake fitowa, wato a wurinta abin bai kai ciwo ba balle a nemi magani. Daga nan darasinki na gaba zai tashi.

TAMBAYA: Malam, ina digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙasar noma. Mun yi gwaje-gwaje, mun samu sakamako mai kyau, muka kai wa manoma, amma ko kallo ba mu ishe su ba. Ni dai a ganina jahilci ne ke damun mutane. Ba gara hukuma ta tilasta musu ba, tunda mu muka sani?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗana, na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, kuma na san wahalar da ake sha kafin a samu sakamako. Amma ban yarda da hukuncin da ka yanke ba. Tunda fanninka ƙasa ne, ga labarin ƙasa.

Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Bayan 'yan kwanaki ruwan sama ya sauke burbushin gubar nukiliyar a kan tsaunukan Cumbria da ke arewacin Ingila, inda ake kiwon tumaki. A watan Yuni gwamnati ta hana sayarwa da yanka tumakin yankin, ta ce na sati uku ne. Masana sun yi lissafin cewa sinadarin siziyom, wato gubar da ruwan ya sauke, zai maƙale a cikin ƙasa ya daina hawa ciyawa. Lissafin daidai yake a kan ƙasa mai yumɓu, irin wadda aka ɗora hasashen a kanta. Ta tsaunukan kuwa mai tsami ce, ta ruɓaɓɓen tsiro, ba ta riƙe sinadarin. Ciyawa ta zuƙo shi, tunkiya ta ci ta kasayar, ya koma ƙasa, ciyawa ta sake zuƙa. Sati uku ya zama shekara 26, domin sai a 2012 aka ɗage takunkumin daga gonaki na ƙarshe.

Wani masani na Jami'ar Lancaster, Brian Wynne, ya zauna da makiyayan ya ji ta bakinsu. Sun ba shi labarin wani gwaji da aka killace tumaki a ƙananan shingaye, don a ga ko wani irin yumɓu da aka barbaɗa a ƙasa zai rage gubar. Makiyayan suka ce tumakin tsauni sun saba yawo, in aka kulle su ramewa za su yi, gwajin ya lalace. Ba a saurare su ba, kuma abin da suka faɗa shi ya faru, aka watsar da gwajin. Ga kuma tsohon miki: kusa da su akwai tashar nukiliya ta Sellafield, wadda ta yi gobara a 1957, kuma sun daɗe suna ganin ba a fito musu da gaskiya a kanta ba. Saboda haka da masana suka zo suna magana cike da tabbaci, sannan maganar ta ƙi tabbata, makiyayan suka auna masu maganar da tarihinsu, suka janye amana. Ka ga kuwa wannan aikin hankali ne.

Irin waɗannan abubuwa suka sauya tunanin masana a Birtaniya. Rahoton da ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar a 1985 ya fi karkata ga cewa a ƙara wa jama'a sani. Zuwa 2000 wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya ce matsalar ta amana ce, kuma dole masana su riƙa tattaunawa da mutane, su ji, a ji su.

Mai yi wa baƙo kwatance ta waya, tambayarsa ta farko ita ce "yanzu a ina kake tsaye?" In bai yi ta ba, duk "yi dama, yi hagu" ɗinsa ƙara ɓatar da baƙon zai yi. Ka koma wurin manoman nan ka tambaye su inda suke tsaye. Dabarar taku hannu nawa take ci, kuma a wane lokaci? Idan tana neman ƙarin aiki daidai sanda aiki ya fi yi musu yawa, ba za su ɗauka ba ko da sun yarda tana da kyau. Ka kuma tuna, in gwajin ya ƙi, kai babi ɗaya na kundinka ne ya samu matsala, shi kuwa abincin iyalinsa na shekara ne. Ka roƙi mutum ɗaya ko biyu su ba ka ɗan gefen gona a bakin hanya inda kowa ke wucewa, a raba biyu, rabi a yi yadda suka saba, rabi yadda ka zo da shi, ranar girbi a auna a gaban jama'a. Gani ya kori ji. In nasu ya fi naka, ka rubuta shi, shi ma sakamako ne, kuma ranar za su fara ɗaukar ka mutumin da ake iya yi wa magana. Tilas kuwa tana aiki ne muddin jami'i na tsaye a kan gona.

Bari in ƙara da wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wajen shekarar 820, a Bagadaza, masanin lissafi Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, kuma tun a gabatarwa ya ce ya tsaya ne a kan abin da mutane ke bukata kullum: rabon gado, wasiyya, shari'a, ciniki, awon fili da haƙa magudanar ruwa. Babban malami ne, bai ga faɗuwa ba ne ya rubuta don mai rabon gado. Yau a jami'o'i da yawa ana ƙara wa malami girma ne da yawan takardun da ya buga a mujallun da abokan aikinsa kaɗai ke karantawa, yinin da ya yi a gona ko a gidan rediyo ba ya shiga lissafi. Ni a ganina sai an gyara wannan ma'auni kafin a zargi matasan masana da rashin iya magana da jama'a.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne, na haura saba'in. Abin da ke ba ni mamaki da masanan nan, yau su ce kaza, gobe su warware. Lokacin korona da farko an ce mai lafiya ba sai ya sa takunkumi ba, daga baya aka ce kowa ya sa. Mutumin da ke sauya magana ta yaya za a yarda da shi?
Daga wani dattijo mai bibiyar wannan fili

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Tambayarka tana kan hanya, kuma kaso mai yawa na laifin yana kan masu sanarwa.

Yadda ka faɗa haka aka yi. A farkon 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takunkumi na marasa lafiya ne da masu jinyarsu da ma'aikatan asibiti. A watan Yunin shekarar ta ce jama'a ma su sa a inda ba a iya ba da tazara. Abin da ya shiga tsakani shi ne hujjar da ta taru cewa mutum yana iya yaɗa cutar tun kafin ya ji komai a jikinsa. Akwai kuma tsoron kada takunkumin ya ƙare wa ma'aikatan asibiti, wanda ba ko'ina aka fito fili aka faɗe shi ba. Da tun ranar farko an ce, "Cutar sabuwa ce, ga abin da muka sani yau, ga abin da muke bincike a kai, in mun samu ƙarin haske za mu dawo," da ba ka ji kamar an warware maka magana ba.

Sauyin kansa, Baba, alheri ne in hujja ce ta kawo shi. Shekaru da yawa likitoci suna cewa damuwa da yawan tsamin ciki ke kawo gyambon ciki, wato olsa. A farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta a cikin masu ciwon. Aka ƙi yarda da su, ana cewa ba abin da zai rayu cikin wannan tsami. A 1984 Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa, cikinsa ya kamu, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su kyautar Nobel, kuma yau ana warkar da masu olsa da yawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sati ɗaya ko biyu. Da likitoci sun kafe a kan tsohuwar magana don kada a ce sun sauya, da har yanzu ana yi wa mutane aikin da ba sa bukata.

Abin tsoro shi ne tabbacin da ba shi da tushe. A garin L'Aquila na Italiya, a 2009, ƙasa ta yi watanni tana ƙananan motsi, mutane suka tsorata. Ranar 31 ga Maris aka tara masana, kuma wani babban jami'in hukumar kare al'umma ya gaya wa 'yan jarida cewa ƙananan motsin alama ce mai kyau, wai ƙasa tana rage ƙarfin da ta tara. Ilimin girgizar ƙasa bai ce haka ba. Abin da ya ce shi ne ba mai iya faɗar ranar da babbar za ta zo, kuma ba mai iya cewa ba za ta zo ba. Wasu da suka saba kwana a waje in ƙasa ta motsa suka zauna a ɗaka. Ranar 6 ga Afrilu girgizar ta zo, mutum 309 suka rasu. A 2012 kotu ta yanke wa mutum bakwai, masana shida da jami'in nan, ɗaurin shekara shida-shida, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan shida, ta bar jami'in da hukunci mai sauƙi. An so a kwantar wa mutane da hankali, sai aka ba su abin da ya wuce sanin kowa.

Saboda haka in ka ji an sauya magana, Baba, ka saurara ko an faɗi sabuwar hujjar da ta kawo sauyin, kuma ko masana da yawa ne a ƙasashe daban-daban suka samu abu ɗaya, ko kuwa mutum guda ne. Ka kuma raba tsohon zance da sabo. Cewa taba sigari na kawo sankarar huhu an kafa shi tun shekarun 1950, an sake gwadawa ba adadi, bai motsa ba. Cutar da ta ɓulla wata uku da suka wuce kuwa, dole maganarta ta yi ta gyaruwa. Ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai maganin da ya san komai, yana warkar da komai, kuma bai taɓa cewa "ban sani ba."

TAMBAYA: Malam, ni ɗan jarida ne. Edita kan miƙo mini sanarwar wani bincike ya ce in mayar da ita labari cikin awa ɗaya, ni kuwa ban karanta kimiyya ba. Me zan duba don kada in yaudari masu karatu?
Daga wani wakilin jarida

AMSA: Abokin aiki, ka fara da lambobi. Duk inda ka ga "haɗarin ya ninka" ko "ya ƙaru da kashi kaza," ka tambaya: daga nawa zuwa nawa? A watan Oktoban 1995 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya sanar cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa sun ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ba ƙarya aka yi ba. Sai dai ninkin shi ne daga kusan mace 1 cikin 7,000 zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka watsar da maganin cikin firgici, kuma an ƙiyasta cewa a shekarar da ta biyo an samu ƙarin zubar da ciki kimanin 13,000 a Ingila da Wales, alhali shi kansa juna biyu ya fi ƙwayar jawo daskarewar jinin. Da an rubuta "2 cikin 7,000 maimakon 1," kowace mace za ta zauna da likitanta su yi shawara a natse. Ka riƙa rubuta mutum nawa cikin mutum nawa, kuma ka riƙe ma'auni ɗaya daga farkon labari har ƙarshe.

Sai ka duba a kan wa aka yi gwajin. Ɓeraye ne, ko ƙwayoyin halitta a cikin kwalba, ko mutane? In mutane ne, su nawa? Maganin da ya yi wa ɓera aiki yana da doguwar tafiya kafin ya isa kantin magani, kuma yawancinsu a hanya suke tsayawa. In ɓera ne, ka sa ɓeran a kanun labarin. Ka kuma lura ko binciken ya ce abu kaza ne ya jawo kaza, ko kuwa tare kawai aka gan su. Masu yawo da ashana a aljihu sun fi kamuwa da sankarar huhu, amma kowa ya san ba ashanar ba ce.

Kada ka ce ai daga jami'a sanarwar ta fito, ba sai an duba ba. A 2014 wasu masu bincike na Jami'ar Cardiff suka tantance sanarwa 462 da jami'o'i 20 na Birtaniya suka raba wa manema labarai kan harkar lafiya. Kashi 40 cikin ɗari sun ba da shawarar da ta wuce abin da binciken ya nuna, kashi 33 sun zuzuta batun musabbabi, kashi 36 kuma sun ɗora sakamakon dabbobi a kan mutane. Wato gishirin tun daga gida ake zuba shi. Cikin awa ɗayar nan ka ware minti goma ka kira wani masani da ba ya cikin binciken, ka ce masa, "Malam, wannan sabon abu ne da gaske? Me ya rage ba a sani ba?"

Kuma adalcin jarida ba shi ne a ba kowane ɓangare fili daidai wa daida ba alhali hujja ta rinjaya gefe guda. A 1998 wani likita a Landan, Andrew Wakefield, ya buga bincike a kan yara 12 yana alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da cutar galahanga ta autism. Jaridu suka yi shekaru suna gabatar da batun kamar masana sun rabu biyu, alhali binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bai ga wata alaƙa ba. A 2010 aka janye takardar, aka soke lasisinsa, amma kafin nan iyaye da yawa sun ƙaurace wa allurar, ƙyanda ta dawo.

TAMBAYA: Malam, kawuna kullum sai ya turo saƙon murya a zauren WhatsApp na danginmu, yau maganin ciwon suga, gobe wai kada a yi wa yara allura. In na yi magana a ce ba ni da kunya. Yaya zan yi?
Daga wata 'yarka

AMSA: 'Yata, kawunki yana turowa ne don yana son danginsa, ki fara riƙe wannan. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2018 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka suka bi sawun labarai kimanin 126,000 a Twitter, suka ga labarin gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya isa ga mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi yaɗawa, ba na'ura ba. Ƙarya tana zuwa da sabon abu mai tayar da hankali, shi ya sa hannu ke saurin turawa. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu aka kwantar da su a asibiti, kuma duk wanda ya tashi ɗan'uwansa daga barci a daren nan taimako ya yi niyya.

Kada ki gyara masa a gaban dangi. Babba in aka kunyata shi a bainar jama'a, kare kansa zai yi ko da ya gane gaskiya. Ki kira shi ku gaisa sosai, sannan ki ce, "Kawu, na ji saƙon nan, ya tayar mini da hankali. Ko ka san wane ne mai maganar, kuma a wane asibiti yake aiki?" Ki bar shi ya nemo amsar da kansa. In za ki kawo gyara, ki fara da abin da yake daidai, ki taɓo ƙaryar sau ɗaya, ki faɗi dalilin da ya sa ba haka ba ne, kuma ki yi shi da murya tunda murya yake saurare. In akwai wani a dangi da yake jin maganarsa, likita ne ko malami ko tsaransa, ki bi ta wurinsa, ba lallai sai daga bakinki gyaran zai fito ba.

Amma in saƙon zai iya sa wani ya sha abin da zai cutar da shi, ko ya ajiye maganin suga ko na hawan jini da likita ya ɗora shi a kai, to kada ki jira. Ki rubuta a zauren nan take, cikin ladabi, cewa kada kowa ya daina shan maganinsa sai ya ga likitansa, sannan ki kira kawun ki ba shi haƙuri ki yi masa bayani.